Wayyon Ƙarya da Wayyon Gaske

"Wayyo!" in ji Auta, maƙalin shanya ya bar hannunta ya yi tsalle a kan daɓe.

Ta miƙa hannu ta saman igiya kamar mai son ɗaukowa, ta yi nishi, ta marairaice fuska. Dunƙule, 'yar yayarta mai shekara ɗaya da rabi, tana zaune a kan tabarmar roba ta baje ƙafafu. Ta dubi maƙalin, ta dubi Auta, sai ta cusa babban yatsa a baki ta juya mata ƙeya.

"Ita ma ta ƙi," in ji Dogo daga bayan labule, inda yake zaune da kyamara.

"Ina da ido!"

"To ai na ce in sanar da ke ne, ko da kin shagala da wasan kwaikwayo."

Yaya, wadda ta biyo daga asibiti da farar rigar aikinta a jiki, tana kan kujerar iyaye a kusurwa. An gargaɗe ta kada ta yi magana, kada ta yi nuni, amma ba wanda ya hana ta dariya. Kafaɗunta sai rawa suke yi.

Auta ɗalibar digiri na biyu ce a sashen nazarin halayyar ɗan Adam, kuma tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat: shin yaron da bai iya magana ba yana iya gane mutum ya shiga matsala, har ya taso ya taimake shi ba tare da an ce masa komai ba? Ta karanta cewa wasu masu bincike sun ga hakan da idonsu. Gwajin ma ba wuya. Ka ɗaura igiya a ɗaki, ka kama shanya, ka saki ɗaya daga cikin 'yan maƙalan roban nan da ake matse kaya da su, ka nuna hannunka bai kai ba, ka jira.

Ta jira har ta gaji. Tun farkon zango ake kawo mata yara, 'ya'yan malamai, 'ya'yan maƙwabta, 'ya'yan masu shaguna na bakin titi, ba ko ɗaya da ya motsa. Wani ya yi hamma. Wata ta yi mata gwalo. Yau da abin ya kai mata wuya ta roƙi Yaya aron Dunƙule, ga shi jininta ma ta watsa mata ƙasa a ido.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, kafin ta amsa an turo. Farfesa ne, shugaban sashe, tabarau a can ƙarshen hanci kamar kullum. Bayansa wani siririn malami da ɗalibai ke kira Dakta Gyangyaɗi, don shi barci yake bincike a kai. Igiyar awo ce a hannunsa. Ta ƙofar da aka bari a buɗe Auta ta hango wata sabuwar katifa, ko ledarta ba a cire ba, an jingina ta da bangon baranda.

Ta rusuna da sauri.

"Ranka ya daɗe, barka da rana."

"Yawwa. Nawa suka taimaka?"

"Ana... ana kan yi, ranka ya daɗe."

"Ba ko ɗaya ke nan." Farfesa ya dubi igiyar da jiƙaƙƙun tawul-tawul ɗin da ke ɗiga. "Kin mayar mini da ɗakin gwaji tsakar gidan mai wanki. Ɗakin nan kaɗai ke da labule da kyamara, ga Dakta yana jira tun bara. Gobe da safe zan zo in gani da idona. In yaro ya taimaka, ɗaki naki ne har ki gama. In bai taimaka ba, a shigo da katifa, ke kuma ki nemi wani batun ki faro daga tushe."

Dakta Gyangyaɗi ya riga ya durƙusa yana auna bango. "Gado biyu zai ci," ya ce wa kansa cikin jin daɗi.

Suna fita Auta ta fizge labulen. "Dogo, goge su."

"Me zan goge?"

"Bidiyoyin nan duka. Ba zan bari a riƙa haska ni a aji ana koya wa ɗalibai yadda ake faɗuwa ba."

"Bari in gama cin gyaɗata tukuna," in ji Dogo, abokin karatunta, wanda tsawonsa ya sa kujerar bayan labule ta zame masa azaba. Shi ba ya gaggawa ko gobara ake yi.

Auta ta hau tattara kaya a fusace. Ta rungumi kwandon wanki, ta ɗora jaka a kai, ta soke kwalbar ruwa a hammata, ta riƙe makullan ɗakin da ɗan yatsa. Wayarta ta kama ruri a cikin jaka. Ta karkace za ta laluba, makullan suka zame, suka daki ƙafar tebur suka gangara can tsakiyar ɗaki.

"Wayyo ni! Kai, wannan rana!"

Tana tsaye tana kokawa da kwando, ta rasa yadda za ta yi ta sunkuya, sai ta ji an taɓa mata gwiwa. Dunƙule ce, ta ɗago hannu sama iya tsawonta, makullan na lilo a tsakanin 'yan yatsunta masu yawu.

"A!" in ji Dunƙule.

"Yawwa 'yar albarka, na go..." Maganar ta maƙale. Auta ta saki kwando, jaka da kwalba suka bi shi. "Yaya! Kin gani? Kin ga abin da ta yi?"

"Makulli ta miƙo miki. Ai a gida ma haka take, tsintsiya ba ta faɗuwa ta kwana a ƙasa."

"To me ya sa ɗazu ta ƙi? Dogo! Kyamara! Ka ce mini ba ka kashe ba!"

Dogo ya leƙa, ya sosa ƙeya. "Kin san ni da mantuwa."

"Allah ya ƙara maka mantuwa! Matsa!"

Su uku suka cunkushe a bayan labule, Dunƙule a cinyar uwarta. Auta ta sa Dogo ya jera hotunan biyu gefe da gefe, faɗuwar maƙali da faɗuwar makulli, ya rage musu gudu. Ba yarinyar take kallo ba yanzu. Kanta take kallo.

A na makulli, abin ya faɗi tukuna, kafaɗunta suka zabura, sannan ihun ya biyo baya, idonta na neman inda ya nufa. A na maƙali kuwa, tun abin yana hannunta idonta ya sauka daidai inda take so ya faɗa. Bakinta ya buɗe ya shirya wayyo. Sannan 'yan yatsunta suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zuba wa kaji tsaba.

Yaya ta fashe da dariya har da hawaye. "Auta! Wannan ai ba faɗuwa ba ce, ajiyewa ce! Ke dama tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba. Ranar da kika fasa madubin Inna, kafin a tambaye ki kin ce ba ke ba ce."

"Kawo na makon jiya," in ji Auta. "Kawo na ɗan mai shago. Kawo na mai gwalo!"

Duk kanwar ja ce. A kowane hoto ido ne ke fara sauka, baki ya biyo, sannan maƙali. Kuma a kowane hoto yaron fuskarta yake kallo, ba maƙalin ba.

Ta miƙe zumbur har kanta ya bugi ƙarfen labule, ba ta ko ji zafi ba. "Ba ƙin taimako suke yi ba! Gane ni suke yi! Sun san da gangan na yar, to wa zai ɗauko maka abin da ka yar da kanka? Yaran da ko sunansu ba su iya faɗa ba, Dogo, sun kama ni tun ranar farko!"

"To sai ki koyi ƙarya kafin gobe," in ji Dogo.

Ta gwada. Yaya ta zama alƙali. Auta ta ɗauke ido sama ta saki maƙali, Yaya ta ce kamar mai addu'a. Ta jinkirta wayyon, Yaya ta ce kamar wadda aka taka wa ƙafa jiya ta tuna yau. Ta shafa sabulu a yatsu don abin ya zame da kansa, ya zame kuwa, amma tun kafin ya zame ta takure wuya tana jiransa. Dunƙule ma ta gaji da kallo ta yi barci.

Auta ta zube a kan tabarma tana haki, idonta a kan igiyar. Ƙarshenta ɗaya a jikin ƙusa yake kusa da taga. Ɗayan kuwa ya ratsa ta gefen labule, an ɗaure shi a ƙugiya daidai kan Dogo.

Ta tashi zaune a hankali.

"Ba zan iya ruɗin yaro ba," ta ce. "To ni za a ruɗa. Dogo, kwance bakin igiyar nan ka riƙe a hannunka. Zan yi ta shanya. Lokacin da ka ga dama, ba tare da na sani ba, ka fizga."

Fuskar Dogo ta washe kamar an yi masa albishir da mota. "Wato izini kike ba ni in tsorata ki? A gaban Farfesa?"

"Kar ka sa in fasa."

Suka gwada sau ɗaya. Tana cikin gaya wa Yaya ta gyara wa Dunƙule wuya, igiya ta zabura, maƙali ya yi sama, Auta ta ƙwala ihun da ya tashi yarinyar daga barci. Yaya ta tafa. "Wannan kam har ni na kusa tasowa!"

"A sake!" in ji Dogo.

"A'a! Kar mu ƙarar da tsoron. A bar sauran sai gobe."

Washegari tun kafin masu shara su gama baranda tana ɗakin. Katifar na nan, har an ƙaro mata matashin kai guda biyu. Dunƙule ba za ta yi ba, tunda ta san Auta, don haka direban motar sashe ya yarda ya kawo ɗansa. Da suka shigo, Auta ta dafe kai. Yaron ya cusa fuska a wandon ubansa, ya ƙanƙame ƙafar kamar za a sace ta.

"Haka yake, Malama," in ji direban. "A gida Mai Kunya muke ce masa. Ko kakarsa sai ta yi dabara yake zuwa wurinta."

"Ba komai, Baba. Ka zauna can. Don Allah kar ka ce masa komai, kar ka nuna masa komai, duk abin da ya faru."

"Ko da ya yi rashin kunya?"

"Ko da ya hau tebur."

Farfesa ya shige bayan labule ya zauna kusa da Dogo. Dakta Gyangyaɗi ya bi su da igiyar awonsa a aljihu. Auta ta ja numfashi, ta ɗauki tawul na farko.

Ta shanya, ta matse. Igiya shiru. Ta ɗauki na biyu, kafaɗunta a ɗaure, tana jiran fizga. Shiru. Na uku, na gaba, na gaba da shi. Mai Kunya ya zaro ido ɗaya daga wandon ubansa yana leƙenta. Kwando ya yi ƙasa, ya ƙare. Igiya ko motsi.

Ta sauke tawul ɗin ta fara sake shanya su kamar wadda ba ta gamsu ba. Daga bayan labule ta ji Farfesa ya yi gyaran murya, irin wanda yake yi kafin ya ce wa ɗalibi ya isa haka. Ta ji ƙarar igiyar awo, zirr, ta koma gidanta.

Dogo ya tsorata, ta ce a ranta. Ya ga Farfesa a gefensa hannunsa ya mutu. Ko kuma mantuwar tasa ce ta motsa.

Ga maƙali ja a tsakanin yatsunta. Buɗe su kawai za ta yi, ta ce wayyo, aƙalla a ce an yi gwaji. 'Yan yatsun har sun fara saki. Sai ta tuna fuskar Dunƙule da ƙeyar da ta juya mata. In ta saki, yaron nan zai gane, kuma katifa za ta shigo kafin azahar. Ta damƙe maƙalin, ta ɗora shi a kan igiya. Haushi ya turnuƙe ta, ta manta da yaro, ta manta da Farfesa, ta juya wajen labule tana magana ta tsakanin haƙora.

"Kai Dogo, wai uban me kake ji..."

Igiya ta fizgu kamar an ɗaure ta a bayan mota.

Jiƙaƙƙen tawul ya tashi ya mare ta a fuska. Maƙalin ya yi sama, ya daki bango, ya gangara tsakiyar tabarma. Ƙusar taga ta yi ƙara ta karkace, igiya ta yi ƙasa da kayanta, Auta ta cafke ta da hannu biyu.

"Wayyo Allah na!"

Tana tsaye hannuwa a sama, ruwa na ɗiga daga haɓarta. Dokar gwaji ita ce kar ta dubi yaro, kar ta kira shi. Ta kafa wa maƙalin ido.

Ta gefen ido ta ga ɗan hannu ya saki wando. Ta ji takun 'yan takalma, taf, taf, sai aka tsaya. Direban ya toshe bakinsa da hula. Taf, taf, taf. Mai Kunya ya tsuguna, ya ɗauki maƙalin, ya jujjuya shi, ya kai shi baki.

Auta ta ƙara damƙe igiyar.

Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Ya ɗago ya dubi matar nan da ke riƙe da igiya, jiƙe sharkaf. Sai ya taho, yana tangaɗi kamar ɗan jirgin ruwa, ya tsaya a gabanta, ya yi ɗage, ya miƙa mata.

"Ungo," ya ce, ƙasa-ƙasa.

"Allahu akbar!" direban ya yi tsalle daga kujera. "Ya yi magana da baƙuwa! Malama, kin ji? Wallahi sai na gaya wa uwarsa!"

Labule ya yaye. Dogo ya fito yana murmushi har kunne, bakin igiya a naɗe a hannunsa. Farfesa ya biyo shi, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Na gani," ya ce. "Amma yara suna ɗaukar duk abin da ya faɗi ƙasa. Jan abu ne, ya ba shi sha'awa. Ta yaya kika san matsalarki ya gane?"

"Ranka ya daɗe, maƙalin nan dai shi ne nake yarwa tun farkon zango!" Maganar na fita tana tuntuɓe da juna. "Ɗaki ɗaya, igiya ɗaya, ni ɗin dai. Ba yaron da ya taɓa shi. Da sha'awa ce, da sun ɗauka. Bambancin kawai, da ina yi da gangan ne, yau kuwa da gaske ya kuɓuce mini. Duk yana cikin bidiyo, za ka ga idona yana..." Ta tsaya cak. Ta juya a hankali. "Dogo. Bidiyoyin da na ce ka goge."

"Kin san ni da mantuwa," in ji Dogo.

Saura kaɗan ta rungume kyamarar.

Farfesa ya kalli biyu, ya kalli uku, ya sa aka maimaita masa na mai gwalo. Ya dawo tsakiyar ɗaki, ya zaro biro daga aljihu, ya tsaya a gaban Mai Kunya, ya sake shi.

"Wayyo," in ji Farfesa, da muryar da yake karanta sakamakon jarrabawa.

Mai Kunya ya dubi biro. Ya dubi Farfesa tun daga takalmi har tabarau. Ya koma ya kama wandon ubansa.

Direban ya juya ya fuskanci bango, bayansa na girgiza. Dakta Gyangyaɗi ya kama tari.

"Hm," in ji Farfesa. Ya sunkuya zai ɗauki bironsa, tabaran da ya daɗe yana lilo a ƙarshen hanci ya samu hanya. Ya sulluɓe, ya daki tabarma, ya yi gefe.

"Kai! Subhanallahi! Kar a taka!" Ya hau lalube a ƙasa kamar mai neman allura.

Taf, taf, taf.

Da Farfesa ya miƙe, tabaran na fuskarsa, gilashin duk shatin 'yan yatsu da yawu. Bai goge ba. Ta cikin dusu-dusun ya daɗe yana kallon yaron, sai ga wani abu da ɗaliban sashen ba su taɓa gani ba: haƙoran Farfesa a waje.

"Yaro ɗaya ba bincike ba ne," ya ce, yana ƙoƙarin mayar da fuska. "Ina son yara da yawa. Wasu a yi musu na gangan, wasu na gaske, a cakuɗa, kuma wanda zai duba bidiyon kar ya san wanne ne wanne. A canza ƙusar nan. Kar a goge komai." Ya juya. "Dakta, a duba maka ɗakin ajiya na ƙasa. Can ma ya fi shiru, masu barci za su gode maka."

Ƙarar jan katifa a baranda ta fi wa Auta kowace waƙa daɗi.

Sai da suka rage su biyu ta jefi Dogo da jiƙaƙƙen tawul. "Ka kusa kashe ni! Me ka tsaya jira?"

"Jira nake ki fid da rai. Muddin kina sa ran fizgar, wuyanki a maƙale yake kamar na kunkuru." Ya naɗe igiyar a hannu yana lissafi da ido. "Sai dai akwai matsala. Yanzu kin san wannan dabarar. Yara da yawa fa ya ce. Kullum sai na nemo sabuwar hanyar tsorata ki."

"Ka ga yadda kake murna kuwa?"

"Aikin ilimi ne, Auta. Dole mutum ya sadaukar."

Ba ta tsaya ba shi amsa ba. Ta riga ta fice baranda da gudu, waya a kunne, ruwa na ɗiga daga gyalenta.

"Yaya! Ya miƙo! Wallahi ya miƙo, har da ungo! Ki saurara, duk wata mai goyo da ke wurin aikinku, duk wanda ya fara tafiya bai fara surutu ba, ki ce ina gayyata. Eh, duka! A'a, ba yanzu za ki gane ba, ki dai fara kira!"

A bayanta, cikin ɗakin da ya zama nata, Dogo na tsaye a kan kujera yana gwada ko igiya za ta kai har saman ƙofa.